Buɗa-Bakin Kunne a Akokan

Bana ma azumi ya zo mana da zafi a Damagaram, irin zafin da za ki jiƙa zane ki yafa, kafin ki kai ƙofar ɗaki ya bushe. Ran sallah da la'asar ina kishingiɗe a tsakar gida, ciki ya ɗauka, sai autata Nana da ƙawayenta suka cika mini kunne. Kowace ta riƙe salula, suna gardama a kan faifan waƙar da ya fi kowane a wannan shekara. Wannan ta ce nata ne na ɗaya, waccan ta rantse ko na biyar bai kai ba. Na ce, "Ku dai ba ku da aikin yi." Nana ta ce, "Mama, ke ai ba ki san waƙa ba, bar mu." Ni? Ni Rabi ce ban san waƙa ba? Dariya ta kama ni, daga dariyar kuma sai na ji ido ya kawo ruwa, don gardamar tasu ta ɗauke ni cak ta ajiye a Akokan, can gefen Arlit, shekarar da tawayen Abzinawa na biyu ya tashi. Lokacin ba a ma haifi Nana ba.

Maigidana Malam Issa yana aiki a ƙarƙashin ƙasa, cikin ramin yuraniyom, mu kuma muna zaune a site, wato gidajen da kamfani ya gina wa ma'aikata. Muna da famfo a tsakar gida, muna da kuran, wato lantarki, da ake samarwa da gawayin ƙasa na Anu Araren, saboda haka na sayi firigo ina sayar da ƙanƙara. Katanga ɗaya ce tsakanina da Zule, 'yar Tawa, mace mai baki da son gardama, wadda har yau ban yi aminiya kamarta ba. Abin da ya haɗa mu kaset ne. Ni nake da manyeto, rediyon nan mai cin kaset, ita kuma take da kunne, in ji ta.

Muna da wata al'ada ni da ita. Da an ga watan azumi, sai mu naɗe kasetocinmu duka a tsohon ɗankwali mu jefa ƙasan akwati, kunne ma ya yi nasa azumin. Ran sallah bayan an ci tuwo sai mu kwance, mu ware waɗanda suka shigo hannunmu a shekarar, mu jera su bisa firigo kamar yadda ake jera 'yan lakwal ran ba da sakamakon jarrabawa: faramiye na ɗaya, dezyem na biyu, har darniye na ƙarshe. Wanda ya yi faramiye bisa kifaffiyar tasa ake ɗora shi, shi ne kuma ake fara sawa. Wannan muke kira buɗa-bakin kunne. Ba a taɓa yin sa lafiya ba. Akwai shekarar da Zule ta yi fushi ta daina ƙetaro katanga har sai da kishin ƙanƙara ya dawo da ita. Malam kuwa in ya ga mun fara, sai ya ɗauki carbinsa ya fita yana cewa, "Allah ya shirye ku." Bai tsani komai ba kamar waƙoƙin fim na Kano masu fiyano.

Waccan shekarar garin ya zama iri biyu. Ta nan baƙi suna ta kwararowa, an ce kuɗin yuraniyom ya tashi, za a buɗe sababbin ramuka, samari daga Maraɗi da Katsina da Sakkwato sun cika tasha kowa da jakarsa yana neman a ɗauke shi aiki. Ta can kuma hanya ta zama abin tsoro. An binne nakiyoyi a daji, mota ba ta tafiya Agadas sai a konbuwa, ayari guda da sojoji gaba da baya, shi ma sai ran da aka ga dama. An sa dokar ta-ɓaci, da duhu ya yi kowa ya shige gida. Lambunan Abzinawa na cikin duwatsu da ke kawo mana tumatir da albasa da dankali suka yi shiru. Kasuwa ta koma sai busasshen kayan miya, kuka da kuɓewa da tattasai wanda ya ga jiya ya ga yau.

Sabon kaset ma ya yi wuya. Alhajin Kano da ke kawo mana su sau ɗaya kayansa suka iso. A nan na samu wani na fim da muka sa wa suna Mai Jan Kwali, da na wata zabiya 'yar garinmu da ake yi wa kiɗan ƙwarya. Zule ta samu na wani tsoho mai gurmi daga Adar, yana yabon manoma, ta riƙa yawo da shi kamar ta haifi ɗa namiji. Akwai kuma wani da ba rubutu a jikinsa ko ɗaya, kiɗan jita na samarin Abzinawa, wanda a lokacin in aka kama ka da shi sai ka yi bayani. Wannan a cikin buhun gero yake kwana.

Ana saura kaɗan a shiga azumi, wata tsohuwa Ba'abziniya ta yi sallama a ƙofata da tsakar rana. Doguwa ce, baƙin mayafinta ya rina mata goshi da shuni. Sunanta Lalla. Hausarta irin ta mutanen daji ce, kowa namiji ne a bakinta. Ta ce, "Kai mai ƙanƙara, ba ni kaɗan. Yarinya ba ya lafiya." Na leƙa bayanta na ga yarinyar a tsaye, matashiya, da jaririya ɗaure a baya, idonta a buɗe amma ba ta kallon komai. Na ce su shigo inuwa. Tsohuwar ta kama hannunta ta ja, ta biyo, ta zaunar da ita, ta zauna. Inda aka ajiye ta nan take tsayawa.

Sunanta Tekna, matar ɗan Lalla. Daga wajen Gugaram suka gudo da faɗa ya iso rijiyarsu. Mijinta ya koma ya koro awaki, bai dawo ba, ba wanda ya ga gawarsa, ba wanda ya ga ransa. Tun daga ranar Tekna ba ta sake cewa uffan ba. Abinci sai an ɗura mata, loma biyu ta kau da kai. Nono ya fara ƙafewa, jaririyar tana kuka irin na ɗan akuya da ya gaji. An kai ta lopital, likita ya duba ya ce jikinta ba ciwo. An yi mata rubutu ta sha. Lalla ta ce, "Esuf ne ya shiga shi." Na ce mene ne esuf? Ta nuna arewa da haɓarta, can inda ba gida ba itace, ta ce kewar daji ce, in ta sami mutum shi kaɗai sai ta shige shi ta zauna. Ta ƙara da cewa, "Wannan da kake gani, in ya yi waƙa, raƙuma rawa suke yi." Na dubi Tekna na ce a raina, tsohuwa dai tana yabon surukarta.

Suna kwana a bukkoki, unguwar kwali da kwano da ke bayan site, amma kullum da hantsi sai su zo su wuni a rumfata kusa da famfo. Zule ce ta kawo shawara. Ta ce, "Ke Rabi, tunda anka ce mawaƙiya ta, mi za ya hana mu gwada mata kaset? Wanda duk ya motsa ta, shi a faramiye bana, gardama ta ƙare." Na ce na yarda, don na tabbata nawa ne zai ci.

Muka ɗauko manyeto muka ajiye gabanta. Mai Jan Kwali ya yi ta tsalle-tsallensa har ya ƙare, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Zule ta ce dama wannan ai hayaniya ce, ta sa tsohonta mai gurmi, ta zauna tana kaɗa kai tana hawaye ita kaɗai, Tekna tana kallon bango. Muka rufe ƙofa, muka tono na cikin buhun gero, muka sa shi ƙasa-ƙasa. Jita na fara kuka sai numfashin Tekna ya sauya, ta sa hannu biyu ta toshe kunne. Lalla ta yi wuf ta fizge wayar daga bango. Ta ce irin wanda ɗanta yake saurare ne. Ranar kunya ta kama mu, ba mu sake taɓa shi ba. Sai washegari na sa zabiyar garinmu. Ana cikin kiɗan ƙwarya na ga babban yatsan ƙafar Tekna ya ɗaga, ya sauka, ya ɗaga, sannan ya tsaya. Na yi guɗa na ce na ci. Zule ta ce ƙuda ne ya sauka mata a ƙafa. Muna cikin wannan gardama aka ga wata, muka naɗe kasetoci.

Azumin Arlit ba a ba da labarinsa, sai wanda ya yi. Ƙarshen damina ne a kudu, amma mu can sama fari fat, rana tana fitowa da ƙarfinta tun ba a gama wanke kwanukan sahur ba. Kafin azahar ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa da hannu. Ruwan famfo da zafinsa yake fitowa, sai an tara a tulu ya huce. Leɓe ya tsage, miyau ya yi kauri, ki ji harshe ya yi miki yawa a baki. Malam in ya fito daga rami sai ya kwanta bisa siminti da jiƙaƙƙen tawul a ƙirji, ba ya magana sai an kira salla. Ni kuwa aikina ƙanƙara, ina ɗaura ruwan sanyi a leda da hannuna, ina jin sanyinsa har gwiwar hannu, ba halin in kai baki. Kafin magariba layi ya kai bakin titi, har da samarin nan masu neman aiki, waɗansu ka gan su ka san ruwan nan kaɗai ne buɗa-bakinsu.

Da yake ba kayan miya, gero ne ya riƙe mu: kunu, fura, tuwo, gobe a sake. Injin niƙa kuma layinsa ya fi na ƙanƙara, sai muka koma daka. Turmina na kawo shi tun daga Damagaram, na ƙirya ne, mai nauyi, uwata ta ba ni. Da la'asar ta yi sanyi kaɗan sai Zule ta ƙetaro da taɓaryarta, mu yi lugude, Lalla tana sheƙe tana bakace. Ba mai ƙarfin yin waƙa. Ba abin da ake ji a gidan sai dukan taɓarya biyu da nishinmu. Mu muna azumi da niyya, muna jiran ladan. Tekna tana nata ba niyya, ba kuma ladanin da zai kira mata. Ga kunu da tsamiya a gabanta, ga ƙanƙara, ba ta duba ba. Jaririyar da cokali muke ba ta madarar gwangwani, rabi ya shiga rabi ya dawo.

Wata la'asar muna daka sai Lalla ta ajiye faifai ta ce, "Kar ku tsaya. Ku duba ƙafa." Muka saci kallo. Yatsan nan yana ɗagawa yana sauka tare da taɓarya. Da muka tsaya, ya tsaya. Zule ta ce, "La ilaha illallahu! Ashe ba zabiyarki ta ba." Na ce ba kuma ƙuda ba ne.

A tsakiyar azumi aka yi ruwa, wanda a Arlit sai a shekara ba a ga irinsa ba. Gabas ta yi ja, ta koma baƙi, iska ta taso tana kwasar kwanon rufi, sannan aka sako shi kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya bugi hancina har na ji jiri. Yara suka fita tsirara suna ihu, manya muka tsaya a cikinsa da kayanmu, baki a rufe gam don kada ɗigo ya shiga, fata tana sha mu muna kallo. Ban taɓa jin girman Allah a jikina kamar ranar ba. Amma kafin magariba bukkoki sun kwanta, kwali ya narke, tabarmi suna yawo bisa ruwa. Lalla ta iso da jaririya a ƙirji, da salkarta ta fatar akuya a kafaɗa, tana jan Tekna. Abin da suka tsira da shi ke nan. Na share ɗakin ajiya na sa su.

Bayan an sha ruwa Lalla ta same ni a madafa. Ta ce, "Rabi, ara mini turmi."

Na ce, "Inna, daka da daren nan? Ga fura can na dama."

Ta ce, "Ba daka ba. Tende."

Sai ta yi mini bayani. A wajensu turmi shi ne ganga. Ana rufe bakinsa da fata, mata su kewaye mai ciwon esuf, a yi ta kiɗa da tafi da waƙa har abin da ya shige shi ya ji an fi shi yawa ya fita. Ta ce ita ma Musulma ce, ba za ta buga a cikin azumi ba, sai ran sallah. Ta ce, "In ya kai." Ta faɗi haka ne tana kallon ƙofar ɗakin ajiya.

Malam ya ce atafau. Ya ce, "Rabi, kina da hankali kuwa? Taron Abzinawa da ganga, a gidan kamfani, a wannan zamani? Motar soja tana wucewa ta nan safe da yamma. In aka ce taron 'yan tawaye ne, wa zai tsaya jin bayaninki? Su za a fara kwashewa, sannan mu." Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa na fi jin haushi. Na yi kwanaki ina ajiye masa kunu ba tare da na ce sannu ba.

Goman ƙarshe ta shigo, Tekna ta daina zama sai kwanciya. Wuyan hannunta ya koma kamar na yarinya ƙarama, awarwaronta na azurfa yana zamewa har gwiwar hannu. Muka matso da turmi bakin ƙofarta don ta riƙa jin daka. Wata rana yatsan ya motsa, wata rana shiru. Ran da ya yi shiru Zule ba ta da bakin gardama, ta yi dakanta ta ƙetara gida.

Ana jibi sallah Malam ya dawo daga aikin safe ya tarar da mu haka, muna lugude a ƙofar ɗaki, Lalla ta tsura wa ƙafar ido. Ya tsaya da hular ƙarfensa a hannu, ya daɗe yana kallo. Da muka shiga ɗaki ya ce, "A rami an koya mana, in hanya ta toshe da mutum a ciki, ba a yi masa kira da baki, ba zai ji ba. Bututun ƙarfe ake bugawa, a yi ta bugawa, don ya san akwai mutane a waje." Sannan ya ce, "Ku yi da rana, kafin doka. Kuma ki ba ni manyeton nan da wancan shirmen naku mai jan kwali."

Ran sallah bayan an sauko daga idi, mata suka fara shigowa ɗaya-ɗaya daga bukkoki kamar masu barka da sallah, ba su kai goma ba. Lalla ta ɗauko salkarta, abin da ya rage mata daga gida, ta sa wuƙa ta farke ta ba ko jinkiri. Ta jiƙa fatar, ta shimfiɗa a bakin turmina, ta ɗaure da igiya. Ta karɓi taɓaryata da ta Zule ta kwantar da su gefe da gefe, ta zarga igiyar a jikinsu. Ta ce, "Ku masu nauyi, ku zauna." Ni a wannan ƙarshe, Zule a wancan, nauyinmu ne yake ɗame fatar. Zule ta ce yau dai ƙibarta ta yi rana. Aka kifa ƙwarya a cikin kwano mai ruwa, wata ta riƙe ɗan sanda. Aka tallabo Tekna aka zaunar a tsakiya, aka yafa mata baƙin mayafi, aka shafa mata turare.

A ƙofar gida kuwa Malam Issa ya shimfiɗa tabarma, da babbar rigarsa da carbinsa, ya ƙure muryar manyeto, Mai Jan Kwali yana ta rusa waƙar soyayya har unguwa ta ɗauka. Daga baya ya ba ni labari cewa motar soja ta rage gudu a gabansa, wani ya leƙo ya ce, "Baba, an tuna ƙuruciya ke nan? Barka da sallah!" Ya ce ya ɗaga musu hannu yana istigfari a zuci. Kaset ɗin na ƙarewa ya juya shi, ya sake juyawa.

Lalla ta yayyafa wa fatar ruwa, ta sa tafin hannu ta buga. Wallahi ba a kunne na fara jin sa ba, ta cikin taɓaryar ya hau, ya bi ƙashin bayana har ƙeya. Turmin da na yi shekaru ina dukan cikinsa, ban san yana da murya irin wannan ba, mai zurfi, kamar daga rijiya. Ƙwaryar ruwa ta amsa. Wata ta ɗauki waƙa da siririyar murya, sauran suka riƙe mata sauti guda a maƙogwaro, ba sa sakinsa, wannan na numfashi waccan ta karɓa. Ban san kalma ɗaya ba a ciki. Na dubi Zule na ga bakinta a buɗe. Wata guda kunnena bai ɗanɗani kiɗa ba, ga abin da aka fara zuba masa.

Aka yi ta yi. Inuwar katanga ta tsallake famfo, ta kai rumfa. Gumi ya jiƙa Lalla sharkaf, fata ta bushe a sake yayyafa ruwa. Tekna tana zaune yadda aka ajiye ta. Can na ga mayafin yana ɗan karkata dama, ya dawo hagu, a hankali. Matan suka ƙara ƙarfin tafi. Amma daga nan bai wuce ba, kuma rana tana sauka, in magariba ta yi dole kowa ya watse. Na ga Lalla ta ɗaga kai ta dubi sama, na ga tsoro a fuskarta, abin da ban taɓa gani ba.

Ni dai ban iya zama haka ba. Zuciyata ta cika, na ce bari in taimaka da abin da nake da shi. Na ware hannu na shiga tafi da ƙarfina, irin namu na gaɗa da muka tashi da shi a dandali, mai sauri, mai ninki. Su nasu tafin a natse yake, yana tafiya kamar raƙumi, nawa kuwa ya shiga tsakaninsu yana tsalle. Zule ta harare ni, wata daga cikin matan ta yi mini alama da ido. Ban gani ba, na lumshe ido, ni a dole ina ceton rai.

Sai na ji an kama wuyan hannuna. Hannu ne busasshe, mai zafi, amma riƙon da ƙarfi. Na buɗe ido. Tekna ce. Mayafin ya zame, ta ɗaure fuska, tana kallona cikin ido, kallon da malama take yi wa daƙiƙiyar ɗaliba. Leɓenta ya motsa, murya ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ta ce, "Ba haka ba."

Ba wadda ta yi guɗa, ba wadda ta tsaya. Hannun Lalla yana bisa fata yana bugu, hawaye yana zuba a kai. Tekna ta kama hannuwana biyu ta haɗa su, ta raba, ta jira, ta sake haɗawa, har na faɗa cikin tafiyar. Sannan ta sake ni, ta juya wajen mai waƙar ta faɗi wata magana da yarensu Tamajak, ita ma ashe gyara aka yi mata. Ta yi gyaran murya. Ta ɗauka.

Na ji zabiyoyi a rayuwata, na ji na fim, na ji na gurmi. Ban taɓa jin abu kamar wannan ba, kuma na san ba zan ƙara ba. Muryar ta fara a karye, tana tuntuɓe, sannan ta miƙe ta yi sama siririya, ta tsaya can tana rawa ba ta faɗo ba. Daga baya Lalla ta ce mini sunayen rijiyoyinsu take kira ɗaya bayan ɗaya, da sunayen awakin, a ƙarshe ta kira sunan mijinta. Ni a lokacin abin da na sani kawai, na yarda raƙumi zai yi rawa. Zule tana kuka da majina, ba ta ko tashi daga kan taɓarya ba don kada fata ta saki.

Da ta sauke, ta ce a ba ta ruwa. Na ruga na fasa ƙanƙara a kofi, ta shanye, ta miƙo a ƙara. Aka kawo fura ta sha rabin ƙwarya. Sannan ta waiwaya tana neman wani abu, Lalla ta miƙa mata jaririyar, ta karɓa ta sa a ƙirji. Nonon bai dawo ranar ba, sai da aka yi kwanaki ana ba ta kunun kanwa, amma ya dawo. Mijinta dai har suka bar Akokan ba a ji labarinsa ba.

Bayan magariba ni da Zule muka tsaya gaban firigo da ɗankwalin kasetoci. Karo na farko ba a yi gardama ba. Zule da kanta ta ɗauki Mai Jan Kwali ta ce, "Wanga ya yi gadin ƙofa, a ba shi dezyem." Na ce tsohonta ya biyo, ta ce a'a zabiyata, muka kusa yin faɗa a kan kara. Kifaffiyar tasa kuwa muka bar ta ba komai a kai. Sai a lokacin na tuna manyeto yana da maɓallin ɗauka, ga kuma kaset da za a iya shafewa. Amma manyeto ɗaya ne a gidan, kuma yana ƙofa yana aikinsa. Ba a ɗauki ko numfashi ɗaya ba.

Yanzu an rufe ramin Akokan, Malam ya riga mu gidan gaskiya, Zule tana Tawa, sai dai mu gaisa a salula ta ce har yanzu ƙuda ne. Yaran nan kuwa waƙa ba ta yi musu wuya, da azumi da sallah tana cikin aljihunsu.

Nana ta ga ina share ido, ta matso ta ce, "To Mama, yi haƙuri. Faɗa mana naki na ɗaya, in nemo miki yanzu. Ba abin da babu a nan."

Na ce, "Ba ya ciki."

Ta ce, "Wa ya yi shi? Ya sunan faifan?"

Na ce, "Tashi ki leƙa madafa. Yana nan jingine bayan ƙofa, da sawun igiya a wuyansa. Ɗazu kika daka yaji a ciki."